Mun Raba Ta da Kwalba

Adjamé, Abidjan
Farkon Fabrairu

Zuwa ga Yaya Ni'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida da sauran dangi na Gusau. Yaya kunnen? Zakari mai goro ya ce min yanzu ko an kira ki a waya ba kya ji, sai dai ki yi ta cewa na'am, shi ya sa na koma takarda kamar zamanin da. Shi zai ba direban motar Kano, daga can ƙaninsa ya kawo miki. Ni lafiya ƙalau sai ciwon gwiwa, shi ma da sauƙi. Kasuwar turare tana tafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, kin yi jika. Radiyya, autata, ta sauka ranar Talatar da ta wuce, mace, amma bakwaini ce. Naƙudar ta kama ta tana gidan wata ƙawarta a Treichville, shi ya sa aka kai ta wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke can maimakon namu na nan. Jiya aka yi suna ba tare da mai sunan ba. Khaulat aka sa mata. Tun da nake ban taɓa ganin ɗan mutum ƙarami haka ba, tafin ƙafarta bai fi babban yatsana ba. Amma tana da rai a jiki, in ta yi miƙa har dariya take ba ni.

Ga abin da ya sa na rubuto miki, ke da kika tsufa a aikin karɓar haihuwa. An sallami Radiyya, an riƙe jaririyar a cikin akwatin gilashin nan mai ɗumi da muke ce wa kuvez. Dokarsu ita ce uwa ta zo sau biyu a yini, safe da la'asar, ta ɗan zauna ta tafi. Sauran lokacin madarar gwangwani suke ba ta. Da farko ta wani siririn tiyo ne ta hanci, yanzu sun ce za su fara gwada mata biberon. Mutanen kirki ne, ba na faɗin muguntarsu, wurin kuma tsaf yake. Sai dai tsakaninmu da Treichville akwai babban ruwan nan da ake kira lagun, da gada da cunkoson mota. Mace mai ɗanyen jego ta shiga woro-woro, motar hayar nan da ake cusa mutane, ta je ta dawo, ta sake komawa. Mijinta Nu'uman yana rufe rumfarsa ta gyaran waya a kasuwar da ake kira Black Market ya raka ta, amma ba kullum zai iya ba.

Nonon ya zo, har ya yi mata tauri ya sa ta zazzaɓi, yanzu kuma yana ja baya. Jiya da muka dawo ta ce min, "Mama, ni na haihu ne ko ban haihu ba? Ga wanka ina yi, ga kunu ina sha, hannuna babu kowa."

Ki gaya min abin yi, Yaya. Na sa miki turaren wuta da humra a cikin ƙunshin, humrar taki ce, kada ki rabar.

Ƙanwarki,
Ladidi

*

Tudun Wada, Gusau
Ƙarshen Fabrairu

Ladidi ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, turare ya iso, na kuma rabar da rabin humrar, ki yi haƙuri. Barka, barka! Allah ya raya Khaulat, ya ba uwarta lafiyar shayarwa. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda kika ji, amma ya hutar da ni daga gulmar unguwa. Ki rage hawa bene saboda gwiwar nan.

Kafin in shiga magana, ke da kika yi firamare a Gusau, ina kika kai Hausarki? Wannan biberon da woro-woro sai da na yi ta juya su kamar waina. Nan gaba ki rubuta min Hausa tsantsa, na tsufa da koyon Faransanci.

To ki saurara. Nono ba ya ƙafewa don an ƙi shi, yana ƙafewa ne don ba a neman sa. Jiki gani yake babu mai sha. Radiyya ta wanke hannu da sabulu, ta sa ɗumi a ƙirji, ta zauna inda hankalinta zai kwanta, ta tatsa da hannunta a cikin kofi mai tsabta. Ba matsa kan nonon za ta yi ba, ta kama can baya inda baƙin ya ƙare, ta danna ciki sannan ta matse a hankali. Ta yi ta yi a kai a kai, dare da rana, kamar yadda jaririyar za ta nema da tana gefenta. Ko ɗigo uku ta samu kada ta raina. Abin da uwar bakwaini take fitarwa daidai da cikin bakwaini aka yi shi, babu gwangwanin da ya kai shi.

Na biyu, ku roƙi ma'aikatan su ba ta wannan nonon da ƙaramin kofi ko cokali, ba da robar tsotso ba. Yaron da ya saba da roba yakan yi wuyar kama nonon uwarsa.

Na uku, in likita ya ga ta yi ƙwari, a riƙa ɗora ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, a rufe su da zane. Ɗumin uwa magani ne gare su duka biyun. Na ga yaran da aka fid da rai da su sun tashi a haka.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba in tana tsallaka gada sau huɗu a yini. Ki nema mata wurin zama kusa da asibitin, ko tabarma ce a zauren wani. Ke da kika san rabin matan Abidjan, ba za ki rasa ba. Ki kuma nemi babbar unguwarzomar asibitin ki gaishe ta da kyau. Kada ki je mata da faɗa, na san halinki. Sau da yawa ma'aikaciya ta fi ki ƙin dokar da take tsarewa.

Kanwa a kunu a rage ta sosai, ruwan wanka kuma kada ya zama na fige kaza. Ta ci abinci ta ƙoshi, ta sha ruwa.

Ki ba ni labari da motar farko.

Yayarki,
Ni'ima

*

Arras, Treichville
Watan Maris, kafin azumi

Yaya Ni'ima,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. A tsaye nake rubutun nan, Zakari yana jira, mota za ta tashi. Kuma ki lura, yau babu Faransanci ko ɗaya.

Dubi saman takardar, mun ƙaura! Wata 'yar ƙabilar Jula mai suna Fanta, da ta daɗe tana sayen turare a wurina, ta ba mu ɗakin 'yarta a nan unguwar Arras. Daga ƙofarta ana hango rufin asibitin. Na bar wa maƙwabciyata rumfa, ina nan tare da Radiyya.

Yaya, nono ya dawo. Ranar farko abin da ta tatsa bai rufe gindin kofi ba, ta yi kuka ta ce a bar shi. Na karanta mata takardarki, na sake karantawa. Yanzu sai ta sa tsumma a riga.

Babbar unguwarzomar sunanta Madam Akisi, 'yar ƙabilar Baule ce, doguwa, ba ta cika dariya ba. Na je na gaishe ta yadda kika ce, ban yi faɗa ba. Da ta ga kofin a hannun Radiyya sai ta ce, "Wa ya koya miki?" Na ce yayata. Ta gyara mata riƙon hannun kaɗan, ta karɓi kofin da kanta ta shiga da shi.

Babban labarin shi ne mun raba Khaulat da kwalba. Likita bai so ba da farko, ya ce ta yi ƙanƙanta, a bari ta ƙara ƙwari. Na ce masa yayata tsohuwar nas ce a Najeriya, ita ta ce a yi haka. Sai ya ce to a gwada. Yau kwana na uku ke nan ba ta koma ba. Jiya ta ɗan galabaita, amma mun dage.

Zakari yana buga ƙofa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ladidi

*

Gusau
Jajibirin azumi

Ladidi,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Me kika yi? Yaushe na ce a fitar da yarinya daga kwalba? Ki ɗauko takardata ki sake karantawa. Cewa na yi in likita ya ga ta yi ƙwari, a riƙa ɗora ta a ƙirji. Ban ce a cire ta gaba ɗaya ba, ban kuma ce a yi jayayya da likita da sunana ba. Bakwaini ba ta iya riƙe ɗumin jikinta. Sanyin da ke ba za ki ji ba, ita zai iya tafiya da ita. Kin ce ta galabaita, kun dage. Ladidi, galabaitar bakwaini ba abin dagewa ba ne.

Ni ina nan, ban ga yarinyar ba, ban san nauyinta ba, ban ji numfashinta ba. Wanda yake tsaye a kanta shi ya san halin da take ciki. Da zarar takardar nan ta shiga hannunki, ki ajiye duk abin da kike yi, ki je ki ba likitan nan haƙuri, a mayar da ita. In jikinta ya yi sanyi, ko ta daina tsotso, ko ta yi shiru da yawa, kada a jira gari ya waye.

Na yi murna da nonon, Allah ya saka wa Fanta da alheri. Amma ba zan iya murna sosai ba sai na ji daga gare ki.

Ni'ima

*

Gusau
Goman tsakiya na azumi

Ladidi ƙanwata,

Assalamu alaikum. Yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Muna lafiya, zafi ne dai ya yi yawa bana.

Shiru. Na aika gidan ƙanin Zakari har na fara jin kunya, kullum sai a ce babu saƙo. Na ba maƙwabcina lambar wayarki da ke rubuce a bangon ɗakina ya kira, ya ce ba ta shiga, wai lambar ma ba ta cika ba. Ban san ko canzawa kika yi ba.

Na san na yi miki zafi a waccan takardar. In fushi kike yi, ki yi fushinki, amma ki aiko min ko layi ɗaya. In kuma wani abu ne ya faru, kada ki ɓoye min don kina tausayin tsufana. Na karɓi haihuwa shekara da shekaru, na san ba kowane jariri ne ake goyawa ba. Abin da ke cina shi ne a ce da bakina aka yi. Na sake karanta abin da na rubuta miki, don na ajiye kwafinsa, ina neman inda na karkace. Wataƙila da na ce ku bi likita kawai na yi shiru.

Jiya an kawo min jaririn gidan Malam Sadi in duba cibiyarsa. Da na ɗauke shi sai na tsaya ina kallonsa na manta da cibiyar, har uwarsa ta tambaye ni ko azumi ne. Na ce azumi ne.

Kowace sujada ina ambaton Khaulat da sunanta. Ki gaishe min da Radiyya, ki ce mata innarta tana tare da ita ko me ake ciki.

Yayarki,
Ni'ima

*

Adjamé
Bayan ƙaramar Sallah

Yayata Ni'ima,

Khaulat tana raye, tana lafiya, tana gida. Na fara da wannan kafin sallama don ki sauke numfashi. To, assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Duk muna lafiya.

Zakari ya kulle shagonsa ya tafi garinsu azumi, ni na rasa mai kai saƙo, takardunki biyu kuma aka tura su ta ƙarƙashin ƙofar shagon, sai jiya ya kawo min su tare. Na karanta ta farko na yi dariya har na riƙe ciki. Na karanta ta biyu na zauna na yi kuka. Yaya, ki yafe min, amma rabin laifin naki ne. Ke kika ce in rubuta Hausa tsantsa! Na zauna ina tunanin yadda zan ce biberon da Hausa, na ga abin kwalba ne da roba a baki, sai na rubuta kwalba. Ina na san ku can akwatin gilashin kuke kira haka? Robar tsotso muka raba ta da ita, aka koma kofi, yadda kika ce. Galabaitar kuwa ba ta wuce ta gaji da lasa ta yi barci ba, kuma Madam Akisi tana tsaye a kanta. Ba ta bar akwatinta ba sai ranar da likita ya buɗe da hannunsa ya ce ta isa. Lambar waya kuma, an ƙara wa lambobin ƙasar nan tsawo tun shekarun baya, na rubuta miki sabuwar a ƙasa.

Yanzu ga labarin da na so ba ki tun tuni. Da muke Arras na lura ba mu kaɗai ba ne. A bayan katangar asibitin akwai wani benci inda uwayen jariran da aka riƙe suke wuni, suna jiran la'asar a buɗe musu. Wata daga Abobo take zuwa, wata daga Yopougon, ba su da mai ba su ɗaki kamar Fanta. Radiyya ta fara nuna musu tatsa, suna kare juna da zane a bakin titi. Wata rana Madam Akisi ta fito ta same su a haka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja ni gefe.

Ta ce, "Tanti Ladidi, akwai wani ɗaki kusa da na jarirai, an cika shi da karyayyun gadaje. Na daɗe ina roƙon a ba uwaye shi. In ni na faɗa, takarda ce a kan tebur. Ranar Alhamis akwai taro da darakta. Za ki zo ki faɗa da bakinki?"

Na ce Faransancina na kasuwa ne. Ta ce na kasuwar take so.

Daraktan dattijo ne mai sanyin magana, kuma ba shirme ya faɗa ba. Ya ce in uwaye suka kwana a ciki, dangi za su cika wurin, a kawo wa jarirai cuta. Ya ce ma'aikatansa ba su da yawa, wa zai kula da su? Likitan Khaulat, wanda na yi jayayya da shi, shi ya fara tsaya mana. Ya ce tun da aka koma nonon uwa da ɗorawa a ƙirji, nauyinta yake hawa, cikinta bai sake kumbura ba. Sai aka ce in yi magana. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Amma abincin yaran nan yana zaune a bayan katangarku rana tana dukansa, ku kuma kuna ciki kuna dama wani. Ka leƙa taga ka gani."

Ya tashi ya leƙa kuwa. An fara yayyafi, su huɗu suna ƙarƙashin lema ɗaya. Ya dawo ya zauna, ya ce a gwada na wata uku, bisa sharaɗin uwa kaɗai za ta kwana, kuma Madam Akisi ce za ta ɗauki nauyin tsabta.

Nu'uman ya kwaso abokansa na Black Market, da azumi a bakinsu suka fitar da tarkace, suka yi fenti, suka gyara fanka. Matan kasuwarmu suka kawo zannuwan gado, Fanta ta ce abincin rana nata ne ranar Juma'a. Gado biyar ne ciki. Radiyya tana cikin waɗanda suka fara kwana, kuma a ɗakin nan Khaulat ta fara kama nono da bakinta. Ina wurin. Radiyya ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Mama, tana ja!" kamar wadda aka ba kyautar mota.

Madam Akisi ta rubuta sababbin ƙa'idoji ta manna a bango. Uwa ta shiga wurin ɗanta duk lokacin da ya nema. Da an haihu a ɗora jariri a ƙirjin uwa kafin a kai shi awo, in dai lafiyarsu ƙalau. Ba a ba da madara sai likita ya rubuta dalili. Har kalandar masu madara da ke rataye a ɗakin awo ta sauke.

Saura abu ɗaya da nake neman bakinki. Tsofaffin matanmu suna ƙin a ba jariri dakashi, nonon farkon nan mai ruwan ɗorawa, sun ce datti ne, a zubar a ba shi ruwa. An ce in riƙa zuwa ranar awo ina yi wa Hausawa bayani. Me zan ce musu da ba zai zama raini ba?

Ƙanwarki mai Hausar kwalba,
Ladidi

*

Gusau
Watan Mayu

Ladidi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Layin farko na karanta na ajiye takardar na yi sujada, sai da na sha ruwa na dawo na karanta sauran. Muna lafiya, an fara hadari, jiya har an ɗan yayyafa.

Na karɓi rabin laifina. Daga yau ki rubuta da duk yaren da ya zo bakinki, in ban gane ba zan tambaya.

Maganar da kika yi wa darakta ta yi kyau, kuma na ji daɗi da kika bar shi ya leƙa da idonsa. Ki gaya wa Madam Akisi wata tsohuwar abokiyar aikinta a Gusau tana gaishe ta. Ki ce mata wata ukun nan su ne masu wuya. Ta sa ido a kan wanke hannu kamar ranta, don in jariri ɗaya ya kamu da cuta, ɗakin za a ɗora wa laifi. Ta kuma koya wa ma'aikatan kwana abin da ta koya wa na rana, har masu shara, don uwa takan fi tambayar wanda ya fi kusa da ita. Uwar da nononta ya ƙi zuwa duk da ƙoƙari, ko likita ya hana ta saboda ciwo, kada a bari ta ji kamar ta gaza. Ita ma gadonta yana ɗakin.

Tsofaffi kuwa, kada ki ce musu sun yi kuskure. Su suka raine mu. Ni abin da nakan yi, sai in tambaye su, in akuya ta haihu, wa yake zubar da na farkon? Sai su yi dariya su ce ai in ɗan bai sha shi ba ba ya tashi. Daga nan sai ki yi shiru, su za su ƙarasa da kansu. Ki kuma ba kakar aiki, ita ta riƙe kofin, ita ta gyara zanen. Wadda aka ba aiki ba ta yin gardama sosai.

Ina son hoton Khaulat, na takarda, wanda zan riƙe. Radiyya kuma ta rubuto min da hannunta, ko Hausar ta karkace.

Yayarki,
Ni'ima

*

Adjamé
Watan Yuni

Inna Ni'ima,

Assalamu alaikum. Ni ce Radiyya. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya. Mu muna lafiya, ruwa ne kawai ake yi kullum, titin tasha duk ya zama taɓo. Wannan ne karo na farko da na rubuta wasiƙa da Hausa. A makaranta Faransanci muka yi, Mama tana gefena tana gyara min, in kin ga an soke kalma ita ce. Ga hoton Khaulat, kumatun nan duk nata ne.

Inna, na gode. Ban san yadda zan faɗa ya isa ba, sai dai in ba ki labarin abin da ya faru ranar Litinin.

Madam Akisi ta kira ni da safe, ta ce in zo da sauri. An kawo wata mata mai suna Haulatu, daga garin Tawa ta taso za ta wurin mijinta, naƙuda ta kama ta suna shiga tashar Adjamé, cikin bai isa ba. Aka wuce da ita asibitin na Treichville, ta haifi namiji ƙarami, aka sa shi a akwati. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, mijin kuma yana can garin San-Pédro bai iso ba. Ta ɗauka ƙwace mata ɗan aka yi. Ta ƙi ci, ta ƙi a taɓa ta, ta juya fuska bango.

Na shiga da Khaulat a bayana. Na ce, "Sannu, 'yar'uwa. Barka da sauka." Da ta ji Hausa sai ta juyo ta riƙe hannuna da ƙarfi, ta ce, "Ina suka kai shi?" Na ce yana bayan bangon nan, taso mu je. Na kai ta ta gan shi, ta sa hannu ta taɓa ƙafarsa. Ta ce, "Wannan zai rayu kuwa?" Ban ce mata i ba, don ban sani ba. Na kwance goyo na miƙa mata Khaulat, na ce wannan ba ta kai shi ba ranar da aka haife ta. Ta ɗaga ta, ta ji nauyinta, ta sake ɗagawa. Ta ce in rantse. Na rantse.

Muka koma ɗakin uwaye, na wanke hannuna ta wanke nata, na nuna mata inda za ta kama. Mun daɗe babu komai. Can sai ga ɗigo ɗaya, rawaya, mai kauri, sai na biyu. Madam Akisi ta tara da cokali. Haulatu ta ce, "Ɗan wannan?" Na ce cikinsa ma ɗan wannan ne. Muka bi Madam Akisi har bakin akwatin, ta ɗiga masa a leɓe. Ya yamutsa fuska, ya fito da harshe, ya lashe. Haulatu ta yi dariya hawaye yana zuba, sannan ta juyo ta ce min yunwa take ji, ko akwai tuwo a garin nan.

Mama ta tuƙa mata na masara da miyar kuka, na kai mata da la'asar. Ta cinye tas, ta ce gobe a ƙara yaji.

'Yarki,
Radiyya